Rabin Kayan Gyara

Babana mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi ɗakin girki girma ba: teburi ɗaya mai gilashi, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai agogunan bango goma sha wani abu waɗanda masu su suka kawo suka manta. Kowa a layinmu Mai Agogo yake ce masa, har Inna, in ranta ya ɓaci. Shekara arba'in yana zaune a kan wannan kujerar da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Wanda ya gan shi haka zai rantse bai taɓa wuce bakin kasuwa ba.

Amma sau biyu a shekara yakan ja ƙofar shagon ya rufe, ya hau babur, a neme shi a rasa har kwana goma ko sha biyu. Ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba. In ya dawo maƙwabta su tare shi, "Lafiya dai, Mai Agogo? Rasuwa aka yi?" Sai ya ce, "Lafiya lau. Hanya muka je gani." Sun daɗe suna neman kan zancen, daga baya suka haƙura, suka sa shi cikin mutanen da Allah ya yi su haka.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Tsallaken titi, daidai saitin ƙofarsa, akwai shagon Tela, wanda muke kira Baffa ko da yake ba mu haɗa jini ba. Baba siriri ne, maganarsa a ƙirge take. Baffa Tela kuwa ƙato ne mai tumbi, in ya fara ba da labari har keken ɗinkinsa sai ya gaji ya yi shiru. Rana ɗaya suka sayi baburansu, iri ɗaya, launi ɗaya, kuma da gangan, don duk abin da ya shiga wannan ya shiga wancan. A bangon shagon Baffa akwai taswira da ya manna a kan yadi. Duk hanyar da suka bi, in sun dawo sai ya bi ta da jan zare. Ina ƙarama zaren bai fi tsawon yatsa ba. Da na yi aure ya kai bakin teku, ya hau duwatsu, ya ɓulle gefen takardar.

An ce a tafiyarsu ta farko kowa ya loda komai, har baburan suna nishi a kan tudu. Da suka dawo Baba ya zube kayan a tsakar gida ya raba su biyu. Kayan aiki, wato sifanoni da filaya da sukundireba da ƙarafan cire taya da famfo, nasa ne. Kayan canji, su tif da faci da fulogi da ƙwan fitila da wayar birki da wayar kuloch da ɗan gutsuren sarƙa, na Tela ne. Ya ce saboda nauyi ne. Mu kuwa mun san dalilin gaskiya: Baba ba ya yarda a taɓa masa kayan aiki. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa riƙe filayarsa ba. Inna ta taɓa ɗaukar sukundirebansa ta buɗe gwangwani, kwana uku yana gaishe ta kamar baƙuwa.

Baffa ya ɗinka musu jaka biyu na tamfol, kowane abu da aljihunsa. Haka suka shekara ashirin da huɗu, ɗaya da maganin, ɗaya da cokalin. A duk tsawon shekarun nan Baffa bai taɓa kwance noti ba. In babur ya lalace, Baba ne ke durƙusawa, shi kuma ya miƙo abin da aka ce ya miƙo, ya tsaya ya tare masa rana da jikinsa, yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Sarƙa ta taɓa tsinke musu a tsakiyar gada. Taya ta taɓa yin faci sau huɗu a wuni ɗaya. Tanki ya taɓa tsagewa suka liƙe shi da sabulu har suka isa gari. Ba a taɓa ɗora baburansu a mota ba, kuma Baba yana alfahari da wannan fiye da yadda yake alfahari da mu 'ya'yansa.

Suna da wata ƙa'ida kuma. Baba a gaba, Tela a baya da fitila a kunne ko da rana tsaka, sanye da wata riga ruwan ɗorawa da ya ɗinka wa kansa, wadda ko makaho ya ce yana jin ɗuminta. Duk turken kilomita da suka wuce, Baba ya kalli madubi. In ya ga rigar, a ci gaba. In bai gan ta ba, ya juyo. Waya kuwa a kashe take cikin jaka, don Baba ya ce mai babur da waya a aljihu rabin hankalinsa na gida.

Bara waccan, kwana biyu da dawowarsu daga wata tafiya, sai ga Baffa a kantin maganin da nake aiki. Ya tsaya yana duba kwalaben da ba saya zai yi ba, har mutane suka ragu. Ban taɓa ganinsa yana neman inda zai fara magana ba sai ranar.

"'Yata, idon babanki ba lafiya."

"Tsufa ne, Baffa. Tabarau zai canza."

"Ba tabarau ba ne. Sau biyu yana shiga mararraba, babbar mota na tahowa ta hagu, bai ko waiwaya ba. Na biyun, da direban bai taka birki ba, da yanzu zaman makoki kuke yi. Na yi masa magana ya ce rana ce ta haske shi. Ki kai shi asibiti. Amma don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Na yi masa alkawari. Na yi wa Baba dabara na ce gwajin hawan jini za mu je, daga nan na zarce da shi wajen likitan ido. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Ba aiki ake yi mata ba, sai maganin ɗigawa don a rage mata sauri. Abin da ya tafi ya tafi. Ya kalli Baba ya ce, "Babur kam, a haƙura."

Muna isa gida na ce ya ba ni makulli. Ya ce likitan yaro ne. Na ce yaron ya yi karatu. Ya ce shi da yake ganin ƙusar agogo, mota ce za ta ɓace masa? Ni kuwa halina ne, in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina fita. Na ce, "Ai Baffa Tela ma ya gani da idonsa, sau biyu ka kusa shiga ƙarƙashin mota!"

Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya dube ni, ya ce, "Tela ne ya faɗa miki?" Ya tashi ya shige ɗaki.

Wata uku shagunan nan suna kallon juna, masu su ba sa kallon juna. Baba ya juya kujerarsa tana fuskantar bango. Baffa ya daina labari, har masu kawo ɗinki suna tambaya ko haƙori ke damunsa. Na je na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai, 'yata. Gara ya yi fushi da ni yana raye." Na so in ɓoye makullin, Inna ta hana. Ta ce wanda ke kwance agogo ya mayar, ba makulli ne zai hana shi ta da babur ba. Abu ɗaya ne ya sa hankalina ya ɗan kwanta: tunda ba sa magana, na ɗauka tafiya ta mutu.

Ashe ban san su ba. Da watan tafiya ya zo, wata safiya na zo gaida Inna, sai na tarar da babura biyu a ƙofar gida. Baba yana ɗaure jakar kayan aiki, Baffa yana ɗaure ta kayan canji, kowa ya juya wa kowa ƙeya. Ba wanda ya gayyaci wani. Ba wanda kuma ya ce an fasa, shi ya sa kowa ya fito. Na ja Baffa gefe na ce, "Baffa, kai ne fa ka ce idon ba lafiya." Ya ce, "In ban bi shi ba, shi kaɗai zai tafi. Wanne kika zaɓa?" Na tsaya ina kallo har rigar ruwan ɗorawa ta sha kwana.

Abin da ya biyo baya, daga bakinsu na ji shi, kowa da ranar da ya ba ni nasa rabin.

Kwana uku suna tafe ba su yi wata magana ba sai "mai" da "ruwa" da "mu kwana nan". A rana ta huɗu da safe, suna shan shayi a bakin hanya, Baffa ya yi ta maza ya ce, "Mai Agogo, hanyar yau duk tudu ce da kwana-kwana. Ka bar ni in shige gaba."

Baba ya ajiye kofi ya ce, "Ka je ka faɗa wa 'yata." Ya hau babur ya ja.

Da hantsi suka iso gindin wani tudu, a wata hanya da sai ka daɗe ba ka ga mota ba. Baffa ya matse kuloch zai rage giya, sai ya ji hannun ya tafi sakwaf. Wayar ta tsinke. Babur ya yi tsalle biyu ya mutu. Ya danna oda, ya ɗaga hannu, amma Baba ya riga ya sha kwana. Bai damu ba. Ya tura babur gefen kwalta, ya buɗe jakarsa, ya zaro sabuwar waya daga aljihunta, ya zauna a kan kwalbati yana jira. Turke ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, za a kalli madubi a juyo. Wani mai babur ma ya zo ya wuce shi a lokacin, bai ko kula da shi ba.

Minti goma ya wuce, rabin awa ya wuce. Ya kunna waya, babu sabis, ko da akwai ma ta Baba a kashe take. Ga sabuwar wayar kuloch a hannunsa, aikin minti goma, amma abin da yake da shi na ƙarfe almakashi ne da allura. Ya ce mini ba zafin rana ne ya dame shi ba. Tunani ne: shekara ashirin da huɗu mutumin nan bai taɓa wuce turke biyu bai juyo ba, yau da safe kuma ga abin da ya faɗa. To ko ya gani ne ya yi biris?

Wani direban babbar mota ya tsaya, mutumin kirki, ya sauko da akwatin kayan aikinsa. Ya duba ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, yanzu zan sa maka."

Baffa ya ce, "Na gode, ɗan'uwa. Mai gyarana na hanya."

"Tun yaushe kake jiransa?"

"Yanzu zai zo."

Bayan awa ɗaya wani mai ƙaramar motar kaya ya tsaya, ya ce a ɗora babur ya kai shi gari. Shi ma aka yi masa godiya aka sallame shi. Da na ji wannan na ce, "Haba Baffa! Ai wannan ganganci ne. Da bai zo ba fa?" Ya ce, "'Yata, in na bari wani ya sa wayar nan, na yarda ke nan ya tafi ya bar ni. Ban shirya yarda ba."

Shi kuwa Baba, a nasa lissafin, komai daidai yake. Duk turke yana kallon madubi, duk turke yana ganin fitila a bayansa. Har ya fara jin nauyin abin da ya faɗa da safe, yana ta shirya magana a ransa. Kilomita saba'in ya yi haka. Da ya isa wani gidan mai ya tsaya, babur ɗin bayansa ma ya tsaya. Baba ya sauka ya cire hular kwano, ya juya wajen mutumin, wanda bai fi taku biyar da shi ba, ya yi magana mafi tsawo da ya yi cikin wata uku.

"Tela, ba faɗar da ka yi ce ta yi mini ciwo ba. Da ka zaunar da ni ka ce, Mai Agogo, idonka ya tafi, da na ji. Amma ka tsallake ni ka je wajen yarinyar da aka haifa a gabanka."

Mutumin ya ce, "Baba, da ni kake?"

Wani magidanci ne mai kai saƙonni, da baƙar rigar ruwa, da babban akwati a bayan babur. Ya ce ya ga Baba na tafiya a natse ne shi ya sa ya bi sahunsa. Baba ya ce, "Mai riga ruwan ɗorawa fa?" Ya ce, "Wani mai jiki? Ai tun gindin tudu na wuce shi, yana zaune a kan kwalbati."

Baba ya ce mini bai san lokacin da ya zauna a kan dakalin famfon mai ba. Likita ya faɗa bai ji ba, na faɗa bai ji ba. Amma kilomita saba'in yana kallon baƙar riga yana ganin ruwan ɗorawa, wannan kam ba yaro ne ya faɗa masa ba. Ya sha mai ya juya, yana tafe a gefen hanya kamar mai koyon tuƙi.

Rana ta karkata lokacin da ya iso. Baffa na nan a kan kwalbati, wayar kuloch a hannu. Ba sallama, ba sannu. Baba ya kafe babur, ya kwance jakarsa ya shimfiɗa, ya ce, "Kawo."

Ya cire tsohuwar wayar da lalube, hannu ya san aikinsa. Da aka zo sa sabuwar ne magana ta tsaya. Wayar kuloch tana da ɗan dunƙulen kai da ake zurawa cikin wata 'yar tsaga a jikin hannun. Ya gwada sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, kan na zamewa. Garin haka ɗan notin da ke hannunsa ya faɗi cikin tsakuwa. Ya durƙusa yana shafa ƙasa. Baffa na tsaye a kansa yana tare masa rana kamar kullum, yana ganin notin ƙuru-ƙuru, ya rasa ko ya faɗa ko ya yi shiru.

Can Baba ya ce, "Tela, kana ganinsa?"

"Ga shi nan jikin gwiwarka."

Baba bai ɗauka ba. Sannan ya zaro sifana mai lamba goma daga aljihunta, ya juya ta, ya miƙa ta da mariƙin gaba.

"Karɓi."

Baffa ya ce sai da ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa.

"Zare ne da allura," in ji Baba, "allurar ce kawai babba. Zura kan a tsagar. Ya shiga? To ja shi baya. Ba can ba, ɗaurewa kake yi! Hagu ake kwancewa. Shekara ashirin da huɗu kana kallo, me kake kallo?"

"Rana nake tare maka."

Aikin minti goma ya ci musu awa ɗaya. Da babur ya tashi, giya ta shiga lafiya, Baffa ya goge sifanar zai mayar. Baba ya ce ya riƙe, ya sa ta a jakar kayan canji. Ya hau nasa babur ɗin, ya ce, "Shige gaba. Kada ka cire rigar nan, ita zan bi. Gida za mu."

Kwana biyar suka yi a hanyar kwana huɗu. Ina tsakar gida tare da Inna suka shigo, sun yi baƙi sun rame. Baba ya zo har gabana ya kamo hannuna ya sa mini makulli. Ya ce, "Uwata, ga abin da kike nema." Wata uku ina neman makullin nan ido rufe, amma da ya shigo hannuna sai na ji da ma ban taɓa nemansa ba. Na fashe da kuka. Ya ce, "Kada ki jiƙa shi, zai yi tsatsa."

Yanzu babur ɗinsa na bayan gida a lulluɓe da tamfol. Bai sayar ba. Ya ce tunda iri ɗaya ne, duk abin da na Tela ya nema a ciro daga nan, kuma tuni madubi ɗaya da sarƙa suka tsallaka titi. Ya daina karɓar agogon hannu, sai na bango da canjin batir. Kujerarsa ta koma fuskantar ƙofa. Kullum da la'asar za ka ga Baffa a durƙushe gaban babur da tumbinsa, yana kwance taya yana mayarwa, Baba na tsaye a kansa yana cewa ko jaki aka koya wa haka da ya iya.

Watan jiya suka sake fita, a babur ɗaya. Jakar kayan canji a ɗaure a baya, jakar kayan aiki a kan cinyar Baba, shi kuma a bayan Tela, hannu ɗaya riƙe da rigar ruwan ɗorawa. Raina bai so ganinsa haka ba, mutumin da bai taɓa zama a bayan kowa ba. Na matsa na gyara masa igiyar hula, na ce, "Baba, zaman bai takura ka ba?"

Ya ce, "Ya takura mana, wannan ƙaton ya cinye kujerar." Ya ɗan ja rigar. "Amma shekara ashirin da huɗu ina nemansa a madubi. Yanzu ko ba ido na san yana nan."

Baffa ya matse kuloch, ya sa giya, suka tafi.